Baƙin Ciki da Ciwon Ciki

Wata goggona ta shafe shekara uku tana fama da abin da ita da mu duka muke kira olsa. Ciwon ya soma ne 'yan watanni bayan ta fita takaba. Da ta kai loma biyu ta tuwo sai cikinta ya cika fam, ƙirjinta ya ɗauki zafi. Wani lokaci ta yi kwana uku ba ta zaga ba, wani lokaci kuma gudawa ta tsinke mata tun da asuba. A ƙarƙashin gadonta akwai wani tsohon kwanon samira da ta mayar ma'ajiyar magani: farin ruwan nan na kwalba mai ɗanɗanon alli, katin Flagyl da aka ɓalle rabi, da ƙullin sassaƙe da maƙwabciya ta kawo, aka ce na basir ne. Mun kai ta asibiti. An yi hoton ciki, an auna jini da bayan gida, daga ƙarshe har aka zura mata siririyar robar nan mai kyamara ta maƙogwaro. Ba gyambo, ba ƙari. Ranar da muka dawo da sakamakon na ɗauka za ta yi murna, sai ta zauna bakin gado ta rafka tagumi. Ta ce, "Ɗan nan, sun ce ba ni da komai. To wannan wutar da ke ci a cikina fa, ƙarya nake yi?"

Ba ƙarya take yi ba. A ranar ba ni da amsar da zan ba ta, kuma irin ta suna da yawa a gidajenmu: mutum yana ta yawo daga kemis zuwa mai magani, gwaji yana fitowa fes, dangi sun fara raɗa cewa raki ne, ko kuma sammu. Alhali akwai bayani, bayanin da likitanci ya yi kusan shekara ɗari biyu yana harhaɗawa.

Bahaushe dai bai taɓa raba ciki da halin zuciya ba. Murna a wurinsa farin ciki ce, ɓacin rai baƙin ciki. Mai ɓoye damuwarsa yana da zurfin ciki. Wanda ya tsorata a ce cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantarsa ta kaɗa, ko 'yan hanjinsa sun motsa. Waɗanda suka fara faɗar waɗannan kalmomi abin da suka ji a jikinsu suka faɗa.

Mutumin da ya fara ganin abin da idonsa wani likitan sojan Amurka ne, William Beaumont. A shekarar 1822, a tsibirin Mackinac da ke arewacin ƙasar, bindiga ta tashi bisa kuskure ta fasa gefen wani saurayi ɗan Kanada mai aikin fataucin fatu, Alexis St. Martin. Kowa ya cire rai, amma saurayin ya tashi. Sai dai raunin ya warke ya bar kafa, wata 'yar taga daga waje har cikin tumbi. Beaumont ya shekara da shekaru yana ɗaure guntun nama da zare, ya zura ta kafar, ya jawo bayan awa ɗaya ko biyu ya duba yadda ya narke. A littafin da ya fitar a 1833 ya rubuta wani abin da bai tafi nema ba: idan saurayin ya fusata ko ya tsorata, launin bangon tumbinsa yakan sauya, ruwan narkar da abinci ya ragu, naman da ke kan zare ya daɗe bai narke ba. Fushin da ke kai ya sauka ciki, ana kallo.

Ta wace hanya yake sauka? A nan ne sai an ɗan yi haƙuri da bayani.

A cikin bangon hanyar abinci, tun daga maƙoshi har dubura, akwai wata raga ta jijiyoyin saƙo da aka shimfiɗa tsakanin tsoka da tsoka. Ƙwayoyin jijiyar da ke wannan raga sun haura miliyan 100. Su ne ke gane abin da ya shigo, mai ne ko tsaki, su ba da umarnin a matse nan a saki can, a zubo ruwa kaza, a ƙaro jini. A 1899 wasu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, suka yanke jijiyoyin da suka haɗa hanjin kare da ƙwaƙwalwarsa, sai suka ga hanjin bai fasa tura abin da ke cikinsa gaba ba. Saboda wannan cin gashin kai ne Michael Gershon na Jami'ar Columbia ya kira ragar "ƙwaƙwalwa ta biyu" a littafinsa na 1998. Sunan ya yi daɗin faɗa, amma kada ya ruɗe mu. Hanji ba ya tunani, ba ya lissafi, ba ya tuna fuskar kowa. Ya fi kama da hakimin da ke riƙe da ƙasarsa, yana yanke hukuncin yau da kullum ba sai ya je fada ba, amma jakadunsa ba sa yankewa a kan hanya.

Babbar hanyar jakadun ita ce jijiyar da likitoci ke kira bagus. Tana fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta gangaro ta wuya, ta ratsa ƙirji inda take taɓa zuciya da huhu, ta bazu a tumbi da hanji. Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne, cikin kowane zare goma da ke jikinta, kusan takwas saƙo suke kaiwa sama, daga ciki zuwa kai. Biyu kacal ke kawo umarni ƙasa. Wato dare da rana ƙwaƙwalwa tana sauraron rahoton ciki: ya cika, ya miƙe, akwai guba, akwai kumburi, lafiya lau. Mafi yawan rahoton ba ya isowa inda za mu san da shi. Amma yana sauka ne a sassan ƙwaƙwalwar da ke maƙwabtaka da masu kula da tsoro, barci da walwala. Shi ya sa mai yunwa ke saurin hasala, shi ya sa mai tashin zuciya ba ya jin daɗin hira ko da labarin alheri aka kawo masa.

Saƙon da ke gangarowa kuwa kowa ya san shi. Ɗalibin da ke bakin ɗakin jarrabawa, ko matafiyin da ya hango an tare hanya, ƙwaƙwalwarsa takan buga ƙararrawa. Sinadaran shirin gudu ko faɗa, irin su adiranalin da kotisol, su malala cikin jini. Jinin ya janye daga ciki ya koma cinyoyi da damatsa. Tumbi ya tsaya cak da aikinsa, abinci ya kwanta a ciki kamar dutse, babban hanji kuma ya ƙara sauri, sai ka ga mutum yana neman makewayi. Idan abin na minti goma ne, babu laifi, jiki ya koma daidai. Matsalar ita ce tsoron da ba ya wucewa: bashi, zaman gidan da babu kwanciyar hankali, rashin aikin yi, ɗa da ya shiga shaye-shaye, mutuwar wanda aka dogara da shi. Ƙararrawar ba ta yin shiru. Wata da watanni tumbi yana nawa, hanji yana rikicewa tsakanin sauri da tsayawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga labarin goggona. A 1973 wani likita a Ingila, James Ritchie, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Ya sanya 'yar balan-balan a babban hanjin mutane, yana hura mata iska a hankali. Masu lafiya sai an hura sosai kafin su ce sun ji ciwo. Masu irin larurar goggona kuwa, iskar da wani ba zai ma kula da ita ba, su tana sa su murƙususu. Hanjinsu ba shi da rauni ko kaɗan, amma jijiyoyinsa sun zama kamar fatar da ta taɓa ƙonewa, wadda ko ruwan ɗumi ya taɓa ta sai ta ji kamar tafasasshe. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata hannu a ciki. A al'ada takan danne ƙananan saƙonnin ciki don kada su dame mu, amma idan damuwa da rashin barci suka gajiyar da ita sai wannan dannewar ta yi rauni, duk motsin iska da na abinci ya iso a matsayin ciwo. Kyamara ba ta ɗaukar wannan. Awon jini ba ya nuna shi. Zafin kuwa na gaske ne, daidai da na wanda ya yanke da wuƙa, domin ta jijiya iri ɗaya yake bi, a ƙwaƙwalwa ɗaya yake sauka.

Likitoci suna kiran nau'in da ya shafi hanji IBS, wanda ya shafi tumbi kuma suna da wani suna dabam gare shi. An daɗe ana yi wa waɗannan cututtuka kallon na wanda ba shi da abin yi. A 2016 ne kwamitin ƙwararrun da ke tsara ƙa'idojin gano su, wanda ake kira kwamitin Rum, ya sauya musu suna gaba ɗaya zuwa cututtukan hulɗar hanji da ƙwaƙwalwa. Ni a wurina wannan sauyin suna adalci ne da aka daɗe ana bin marasa lafiya bashinsa.

Kada kuma a ɗauka kullum daga kai abin yake farawa. A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a lardin Ontario na Kanada, ruwan sama ya wanke kashin shanu ya shiga rijiyar da ke ba garin ruwan famfo. Mutum kusan 2,300 suka kamu da gudawa, bakwai suka mutu. Masu bincike suka ci gaba da bibiyar mutanen garin shekara da shekaru. Bayan shekara biyu, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi gudawar suna fama da IBS, alhali cikin waɗanda ba su yi ba ɗaya ne cikin goma. Ƙwayar cutar ta daɗe da fita, amma ta bar hanjin a firgice. Sannan waɗanda dama suke da fargaba ko ciwon damuwa kafin ruwan ya gurɓata sun fi daɗewa cikin larurar. Duk wanda ya san yadda gudawar damina, taifot da kwalara ke zagaya unguwanninmu zai gane cewa wannan labari bai yi mana nisa ba. Mutum nawa ne za su ce maka, tun da na yi taifot ɗin nan cikina bai koma daidai ba? Kuma wanda ya shekara bai san lokacin da cikinsa zai murɗa ba, yana tsoron doguwar tafiya a mota, yana tsoron sahun gaba a masallaci, dole ransa ya ƙuntata. Nan ciki ne ya ja kai.

Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa wadda ke bukatar gyara. Za ka ji an ce kashi 90 cikin 100 na sinadarin farin ciki a hanji ake yin sa. Ana nufin serotonin, kuma lissafin gaskiya ne. A hanji ma aka fara gano shi, wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, a shekarun 1930, tun kafin a san akwai shi a ƙwaƙwalwa. Sai dai serotonin ɗin hanji ba ya ƙetarawa cikin ƙwaƙwalwa, akwai shinge tsakanin jini da ita da ke hana shi wucewa. Ƙwaƙwalwa da kanta take yin nata. Aikin na hanji shi ne motsa hanjin, tayar da amai idan an ci abin da ya lalace, da kuma taɓa bakin jijiyar bagus. Wannan ne dalilin da ya sa wasu magungunan ciwon damuwa kan tayar da zuciya ko su sassauta bayan gida a makonnin farko: an nufi kai da su, amma sun tarar da sinadari iri ɗaya a ciki.

Sai batun ƙwayoyin da ke zaune a hanji, wanda a yau ya fi kowane ɓangare tashe. Wani ƙiyasi da masana a Cibiyar Weizmann suka fitar a 2016 ya nuna cewa babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, nauyinsu duka kamar giram 200, kuma kusan dukkansu a babban hanji suke. Mun saba jin sunan bakteriya tare da cuta, amma waɗannan 'yan gida ne. Abincinsu shi ne abin da mu muka kasa narkarwa, wato harzar da ke cikin dusar hatsi, wake, ganye da 'ya'yan itace. Idan suka ci sai su fitar da wasu sinadarai, daga ciki akwai butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin da suka yi wa babban hanji shafe ta ciki. Wannan shafen siriri ne ƙwarai, ƙwaya ɗaya ce kaurinsa, ga majina a samansa, kuma a bayansa rundunar garkuwar jiki ta yi sansani. Idan shafen ya samu abinci ya yi ƙarfi, rundunar tana zaune lafiya. Idan ya raunana, guntattakin bakteriya suka fara tsallakawa, sai garkuwar ta tashi, ta saki sinadaran kumburi cikin jini.

Mene ne haɗin kumburi da halin rai? Tuna ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai. Ban da zafin jiki, ba ka son magana, ba ka son abinci, ko sallamar aboki nauyi take yi maka, duniyar duk ta yi maka baƙi. Sinadaran kumburi ne ke sa ƙwaƙwalwa ta janye ka daga mutane don jiki ya huta. An ga haka ƙarara lokacin da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C magani da allurar intaferon, wadda ita kanta sinadarin garkuwa ce: da yawa daga cikinsu sun faɗa ciwon damuwa na sosai suna tsakiyar karɓar magani. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili kuwa yana ɗakin masu ciwon hanta mai tsanani. Bakteriyar hanji suna fitar da amoniya, hanta mai lafiya tana tace ta. Idan hanta ta gaza, amoniyar ta haura kai, sai mutum ya rikice, barcinsa ya juye, ya fara sambatu, har ya suma. Maganin da ake ba shi na hanji ne, wani ruwa mai zaƙi da ake kira laktulos wanda ke sa a zaga, sai ka ga hankali yana dawowa.

Daga nan sai labarin ɓeraye, wanda ya kamata a saurara da natsuwa. A 2004 Nobuyuki Sudo da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka yi renon ɓerayen da ba su taɓa haɗuwa da ko ƙwayar bakteriya ɗaya ba. Da aka takura su, sinadaran firgicinsu suka yi tashin da ya wuce na sauran ɓeraye, da aka ba su wani nau'in bakteriya tun suna ƙanana sai abin ya daidaita. A 2011 ƙungiyar John Cryan a birnin Cork na Ayilan ta ciyar da ɓeraye wani nau'in Lactobacillus, suka rage nuna alamun tsoro. Da aka yanke musu jijiyar bagus, amfanin ya ɓace. Wannan ya nuna hanyar da saƙon ke bi. Amma a 2017 masanan Cork ɗin suka gwada wannan bakteriya ɗin dai a jikin maza masu lafiya, ba su ga wani bambanci ba, suka kuma buga sakamakon yadda ya fito. A 2019 wani bincike a Beljiyam kan mutum sama da 1,000 ya gano cewa masu ciwon damuwa suna da ƙarancin wasu nau'o'i biyu, Coprococcus da Dialister. Binciken ya nuna abubuwan biyu suna tafiya tare, bai nuna wanne ya haifi wanne ba, kuma wanda damuwa ta kama dama cinsa da barcinsa sukan sauya.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kasuwa ta riga ilimi gudu. A Facebook da TikTok ana tallar kwalaben ƙwayoyi da shayin wankin ciki, ana cewa suna maganin damuwa, a kan kuɗin da zai ciyar da gida mako guda. Abin yana ɓata mini rai, domin masu saye mutane ne da suka gaji da ciwo. Shayin wankin cikin nan yawanci maganin sa gudawa ne, kuma hanji mai lafiya ba ya bukatar a wanke shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan mutane tana wajen abinci na yau da kullum. A 2017 Felice Jacka ta Jami'ar Deakin a Ostireliya ta fitar da sakamakon gwaji kan mutum 67 masu ciwon damuwa. An raba su biyu, aka koya wa rukuni ɗaya cin hatsin da ba a cire wa dusa ba, wake, ganye, kifi da man zaitun, ɗaya rukunin kuma aka riƙa zama ana ɗebe musu kewa. Bayan mako 12, kusan kashi 32 cikin 100 na rukunin abinci sun samu sauƙi sosai, a ɗaya rukunin kashi 8. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancinsu suna kan maganinsu na asibiti ko ganin likita, abincin ƙari ne a kai. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford suka ga cewa mutanen da suka ƙara cin abinci mai tsami irin su yogot na mako 10, nau'o'in bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, alamun kumburi a jininsu sun ragu.

Wani bincike na 2010 ya fi kusa da tukunyarmu. Masana daga Italiya sun kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, Boulpon, da yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye. An tarar hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, musamman masu cin harza, kuma sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a bayan gidansu. Wannan abincin kakanninmu ne. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, dambu da zogale, kwaɗon rama, fate, gurjiya, aya, fura da kindirmo. Yau a birane mun koma farar shinkafa, taliya, burodi da lemon kwalba, hatsin ma sai an surfe shi tas an ba awaki dusar. Ba ina cewa tuwo yana maganin damuwa ba, talakan da ke cin sa kullum yana da nasa baƙin cikin. Abin da nake cewa shi ne, abin da Turawa ke saye da tsada a kwalba muna da tushensa a kasuwar ƙauye. Sai dai a kula da abu biyu. Mai IBS idan ya afka wa wake da yawa lokaci guda kumburin ciki zai ƙaru, sai a hankali. Nono kuma a tabbata an dafa madarar kafin ta kwana, domin ɗanyar madara tana ɗauko tarin fuka da wasu cututtukan daga shanu.

Katin Flagyl ɗin nan na ƙarƙashin gadon goggo ma yana da nasa laifin. Mun mayar da shi da su tetrasaikilin kamar gyaɗa, da ciki ya motsa sai a aiki yaro kemis. Irin waɗannan magunguna ba sa tantance baƙo da ɗan gida, suna share masu amfani tare da masu cutarwa, kuma wasu nau'o'in kan ɗauki watanni kafin su dawo. Yawancin gudawa ta kwana biyu ruwan gishiri da sukari take bukata, yara kuma a haɗa musu da zinc.

Duk da haka, kuskure ne babba a ce wa duk mai ciwon ciki tunani ne ke damunsa. Likitanci da kansa ya taɓa faɗawa wannan rami. Shekaru da dama ana koyar da cewa damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki, har sai da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori a tumbin masu gyambo. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, ya kamu da kumburin tumbi cikin 'yan kwanaki. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Wannan ƙwaya ta yaɗu sosai a ƙasashenmu, ana gano ta da awon bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu. Ɗaya babban mai huda tumbi shi ne maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda leburori da manoma ke haɗiya kullum, sau da yawa ba tare da sun ci komai ba. Don haka gwaji ne farko. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a maƙoshi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jininsa ya yi ƙasa, ko ciwon ya fara masa sabo bayan ya haura shekara 50, wannan ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Idan an duba duk wannan ba a samu komai ba, akwai abin yi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila kan masu IBS su 463, inda aka ba rabinsu ɗan ƙaramin awo na amitriptyline na wata shida, suka fi sauran samun sauƙi. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne, amma a wannan ƙaramin awo aikinsa rage kaifin jijiyoyin ciwo ne. Na san mutane kan tsorata idan suka ji sunan, su ce an ba su maganin masu taɓin hankali, su jefar. Likita ne kaɗai zai rubuta shi, kuma haƙƙin mara lafiya ne a zaunar da shi a yi masa bayanin dalili. Zama da ƙwararren mai ba da shawara kan tunani shi ma an gwada shi a kan IBS an ga amfaninsa, haka tafiyar ƙafa da gyara barci.

Goggona a hannun wata matashiyar likita ta dace. Ta duba takardun duka, ta tabbatar an yi awon Helicobacter ba a same ta ba, sannan ta ajiye biro ta ce, "Mama, yaya barcinki?" Goggo ta yi shiru. Can ta ce tun ranar da aka fita da mijinta Malam ba ta ƙara yin barcin awa uku a jere ba, takan farka ƙarfe biyu ta zauna tana lissafin kuɗin makarantar marayu har a kira assalatu. Shekara uku ana tambayarta me ta ci, ba wanda ya tambaye ta wannan. Ta yi kuka sosai a ɗakin. Likitar ta zana mata hoton ciki da kai a bayan katin asibiti, ta ja layi tsakaninsu, ta ce mata ciwonta na gaske ne kuma yana da suna. Ta rubuta mata 'yar ƙwaya guda da dare, ta ce a zubar da abin da ke cikin samira.

Mu ma aka ba mu namu aikin. 'Yan'uwa suka raba kuɗin makarantar yaran a tsakaninsu. Ƙanwarta ta dawo kwana ɗakinta. Ta koma islamiyyar matan aure da ta bari, tana zuwa a ƙafa. Sauƙin bai zo a mako ɗaya ba, sai da aka yi kamar wata uku kafin ta cinye kwanon dambu ba ta dafe ƙirji ba. Har yau ciwon yakan leƙo, musamman idan watan da Malam ya rasu ya kama, ko an kusa komawa makaranta. Ranar da na je gaishe ta bayan sallar layya na tarar tana shan kunu maimakon nama. Na ce, "Goggo, jikin ne?" Ta ce, "Kwana biyu ban yi barci ba, autana ke jarrabawa. Bari ya gama, cikin zai kwanta."